Masu Kwalaben Hawan Jini, Ku Ƙyale Mana Dattawanmu

'Yan uwana Hausawa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har Anacha da Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal. Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin ta taɓa hanyar cin abincinsu, kuma a cikinsu akwai waɗanda muke haɗa sahu da su a masallaci. To amma rai ya fi ciniki, kuma shirun da muke yi ya isa haka.

Wata sana'a ta yi ƙarfi a unguwanninmu, wato sayar wa tsofaffi ƙwayoyin ƙarin abinci, waɗanda dillalansu ke kira safilimen, da sunan maganin hawan jini. Wasu a kwalba suke, wasu garin shayi ne a 'yar jaka, wasu kuma ruwa ne mai kauri da ake sha da cokali. Ana tallarsu a cikin mota, a bakin kara, a rumfar 'yan goro, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, yanzu kuma har a WhatsApp da Facebook. Da a ce iyakar abin mutum ya yi asarar kuɗinsa ne, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne jumlar nan da suke rufe talla da ita: "Baba, in ka shanye kwalba uku, kai da ƙwayar asibiti har abada." Wannan jumla ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kai mutum kushewa.

Bari mu fara da shi kansa ciwon. Hawan jini shi ne jini ya riƙa bugun bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima, kullum, dare da rana. Idan aka auna ana samun lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka auna shi a ranaku daban-daban aka samu 140 a sama ko 90 a ƙasa, ko fiye da haka, to yana da hawan jini. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023, ta ce manya kimanin biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace. Dalilin rashin sanin shi ne yawanci ciwon ba ya nuna alama. Mutum zai ci tuwonsa, ya je kasuwa, ya yi raha da abokai, alhali lambarsa tana 180. Ranar da alama za ta fito, sau da yawa ita ce ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko likita ya ce ƙoda ta tafi sai wanki. Sannan ga tsufa: yayin da shekaru ke ja, jijiyoyi suna ƙara tauri, shi ya sa lambar sama ke hawa a wurin dattawa. Babu kwalbar da ke mayar wa ɗan shekara 70 jijiyoyin ɗan 30. Ana lallaɓa hawan jini ne, ana danne shi, kuma duk ranar da aka saki ya dawo.

A nan ne dillalin ya samu ƙofa. Tunda ciwon ba ya nuna alama, duk abin da ka bai wa tsoho ya sha zai iya cewa ya ji sauƙi. Ya bar ƙwayarsa mako biyu bai faɗi ba, sai ya ce kwalba ta yi aiki, har ya kawo amininsa. Shaidar da suke taƙama da ita ke nan: Alhaji wane ya sha ya ji garau. Wanda ya sha ya shanye kuwa yana kwance a ɗaki, ko an sa shi a mota an mayar da shi gida Arewa, babu mai kawo shi wurin talla ya ba da tasa shaidar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon a nan Kurmi tsagaggen ne ta ko'ina. Dattijon da ya shekara arba'in yana fataucin shanu ko goro ko canji ba shi da fansho, ba shi da inshorar lafiya. In ya bar rumfa ya tafi asibiti, cinikin yini ya tafi. In ya je, layi ne tun asuba, likita ya yi masa Turanci ko Yarabanci ko Inyamuranci cikin minti biyar, ya fito da takarda bai fahimci rabin abin da aka ce ba. Shi kuwa mai kwalba har rumfa yake iske shi, ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa, ya kira shi Baba, ya zauna ya saurari kukansa na rabin awa. Ga kuma mu 'ya'ya, da muke son a ga muna kula da iyaye: kwalba mai ƙyalli da rubutun ƙasar waje ta fi 'yar farar ƙwaya a takarda kama da tsaraba. Da yawanmu da kuɗinmu muka sayo abin da ya raba iyayenmu da maganinsu.

Kada a ce na yi musu rashin adalci, bari mu duba abin da bincike ya nuna a kan kayan da ake cusawa a cikin kwalaben. Zoɓo dai yana da ɗan tasiri. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65, inda aka ba wasu kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida. Lambarsu ta sama ta sauka da kimanin maki 7, ta waɗanda aka ba jabun shayi kuma ta sauka da kimanin 1. Amma a lura: mutanen nan masu ɗan hawan jini ne mara tsanani, gwajin na mako shida ne kacal, kuma lamba kawai aka auna, ba a bi su shekaru an ga wa ya shanye wa ya tsira ba. Tafarnuwa ma an samu tana ɗan rage lamba a wasu ƙananan gwaje-gwaje, haka ruwan gwozar nan ja ta Turawa, haka habbatus-sauda ta ɗan taɓa kaɗan. Ƙwayar maganiziyam, da aka tattara gwaje-gwajenta a 2016, abin da ta rage a lambar sama bai wuce maki 2 ba. Man kifi shi ma 'yan maki ne, sai an sha da yawa. Bitamin D kuwa an tattara gwaje-gwajensa a 2015 aka ga ba ya rage hawan jini. Wanda ake rubutawa CoQ10 a jikin kwalba, mai ɗan karen tsada, da aka tace bincikensa a 2016 ba a ga wani tasirin kirki ba.

To, mai karatu, yi lissafi da kanka. Tsohonka yana kan 175. Cire 2, ko ma ka yi wa kwalba alfarma ka cire 7. Saura 168. Har yanzu yana cikin haɗari tsundum. Gaskiya ne ko ragin maki 5 yana da amfani, domin wani babban nazari da aka wallafa a 2021 ya nuna yana rage haɗarin shanyewa da ciwon zuciya da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Amma wancan lissafin daga gwajin magungunan asibiti aka samo shi, kuma wanda ke buƙatar a sauke masa maki 35 ba za a sallame shi da 5 ba. Kuma in dai zoɓo ne, wa zai koya wa Bahaushe zoɓo? A Jigawa da Kano da Katsina ake noma shi, har ana fitar da shi ƙasashe irin su Meziko. Irinsa ake niƙawa a ɗura a ƙwanso a liƙa masa suna, a sayar maka da kuɗin da zai sayo maka mudu da yawa a kasuwa. Wanda likitansa ya yarje masa, ya jiƙa abinsa a gida, ba tare da tulin sukarin da masu sayarwa a gora ke zubawa ba.

Yanzu a kwatanta da 'yar ƙwayar da ake rainawa. A 2008 aka wallafa wani gwaji da aka yi da tsofaffi 3,845, dukkansu 'yan shekara 80 zuwa sama. Waɗanda aka ba maganin hawan jini na gaskiya, mace-mace a cikinsu ya ragu da kashi 21 cikin ɗari, gazawar zuciya kuma ta ragu da kashi 64. Masu cewa ai maganin Bature don jikin Bature aka yi, su ma akwai amsarsu. A 2019 aka wallafa gwajin da wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, Dike Ojji, ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da baƙaƙen fata 728, inda aka ga haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini a jikin mutanenmu. Aikin ilimi ke nan: an san adadin mutanen, an san abin da aka ba su, an rubuta sakamako kowa ya gani. Ina ƙalubalantar duk mai kwalba ya kawo mana irin wannan a kan hajarsa, da ƙasa da shekara da adadin tsofaffin da aka gwada.

In ka matsa musu sai su juya kwalba su nuna maka lambar NAFDAC. Hukumar nan da aka kafa a 1993 ta yi suna, musamman zamanin marigayiya Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, har mutanenmu suka ɗauka duk abin da ke da lambarta ya gama wanke kansa. Amma ga magungunan gargajiya da na ganye akwai matakin rajista da lambarsa ke ƙarewa da harafin L, kuma abin da aka duba a wannan mataki shi ne ko abin yana da guba. Ba a tabbatar yana warkar da komai ba. Shi ya sa ake sa su rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke kai ba. Rubutun yana nan da ƙananan haruffa cikin Turanci, dillali kuma ba zai taɓa fassara wa Baba shi ba. Wani kuma ya ce ai daga Amurka aka kawo. To a can ma, tun dokar da suka yi a 1994, kamfani yana iya fitar da ƙwayar ƙarin abinci kasuwa ba tare da hukumar magungunansu ta amince tana aiki ba. Zuwa daga Amurka shaidar tafiya ce kawai.

Sai babbar hujjarsu: wai ganye ne zalla, ba shi da illa. Haba jama'a! Zaƙami ma ai ganye ne, tunfafiya ma tsiro ce. Jikin tsoho ba kamar na yaro ba ne, ƙodarsa da hantarsa sun rage ƙarfi, kuma yawanci yana shan magani biyu ko uku na wasu cututtukan. Wanda ke shan lisinofiril ko losatan, ya ƙara da ƙwayar fotasiyam bisa shawarar dillali, sinadarin zai iya taruwa a jininsa har ya rikita bugun zuciya, musamman in ƙodar ta raunana. Ƙwayar tafarnuwa da yawa tare da wafarin ko asfirin tana ƙara haɗarin zubar jini. Saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake sakawa a wasu haɗe-haɗen shayi, ita kanta tana hawar da jini. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama kwalaben ƙarin ƙarfin maza da aka ɓoye maganin asibiti a ciki alhali an rubuta ganye zalla, kuma irin wannan in ya haɗu da wasu magungunan ciwon ƙirji yana iya kifar da jini farat ɗaya. Mai sayarwa bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kwas ɗin kwana biyu ya yi a ɗakin taron otal, aka koya masa yadda zai hau mataki in ya shigo da mutum biyar.

Domin kuwa galibin wannan ciniki na sarƙa ne: ka saya, ka kawo wani ya saya, a ba ka kamasho. Matashin da ya zuba jarinsa ya tara kwalabe a ɗaki dole ya nemi inda zai sauke su, kuma mafi kusa da shi su ne kawunsa da gwaggonsa da surukinsa. Na ga wata rana an kafa rumfa a wata unguwa tamu da sunan awo kyauta. Wata 'yar na'ura ce haɗe da kwamfuta, ka riƙe ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya, sai ta zayyano wai hantarka ta yi kaza, ƙodarka ta yi kaza, jininka ya yi kauri. Duk wanda ya riƙe sai an samo masa ciwo, kuma ikon Allah, maganin kowane ciwo yana cikin jakar da ke ƙarƙashin teburin. Babu ƙarfen da ke karanta hanta da ƙoda ta tafin hannu. Wannan damfara ce, ko da wanda ke yinta ya sa farar riga. Mafi muni su ne masu lulluɓe hajarsu da addini, yadda in ka yi tambaya sai a mayar da kai mai raunin imani. Girmama habbatus-sauda da zuma da man zaitun daban, cewa mutum ya zubar da maganin da ke riƙe da ransa daban. Wanda ya faɗa wa tsoho haka don ya sayar da kwalba, ya shirya amsar da zai bayar gobe ƙiyama.

Na san abin da wasu dattawan za su ce, kuma kukansu yana da tushe. Magani ya yi tsada, musamman tun daga 2023 da darajar Naira ta faɗi. Shan ƙwaya kullum har ƙarshen rai akwai gundura. Wani maganin yana kumbura ƙafa, wani yana sa busasshen tari, wani yana sa yawan fitsari har alwala ta gagara riƙuwa, wani kuma maigida ya ga ya rage masa kuzari wajen iyali, abin da kunya ba za ta bari ya faɗa wa likita ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma magungunan hawan jini iri-iri ne, in wannan bai karɓe ka ba akwai wani, kuma canza shi aikin minti kaɗan ne a wurin likita in an faɗa masa. Batun tsada kuwa, a je kemis mai rajista a tambayi kuɗin amlodifin na wata guda, a dawo a tambayi mai kwalba kuɗin tasa, sannan a tambayi wanda ke kai ɗan uwansa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako nawa yake kashewa. Daga nan kowa ya yanke hukunci.

Wanda ke son taimakon abinci da gaske, ya fara daga madafa, kuma a nan ragewa ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Mu kuwa a tukunya ɗaya za a zuba gishiri, a marmasa magi huɗu ko biyar, a jefa kanwa, sannan da yamma a kawo tsire ko kilishi da yajin da shi ma gishiri da magi ne. Kanwa ɗin nan da muke ɗauka magani ce, sinadarin sodiyam ne a cikinta, irin wanda ke cikin gishiri. Ga burodi da taliyar leda da kifin gwangwani. A Sin an yi wani gwaji a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, tsofaffi masu hawan jini da waɗanda suka taɓa shanyewa, aka wallafa a 2021. Rabi aka musanya musu gishiri da wanda aka rage wa sodiyam aka sa fotasiyam kashi 25 cikin ɗari. Shanyewar jiki ta ragu da kashi 14, mutuwa ta ragu da kashi 12. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan gishiri ga manya, ban da masu ciwon ƙoda, don haka tsoho ya tambayi likitansa tukuna. A ƙara ganye a miya, zogale da alayyafo da kuɓewa, a ci wake da ayaba da lemo, duk ga su nan a Mile 12 da Bodija. A rage goro, a bar taba. Sannan a kula da ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen da diklofenak da tsofaffinmu ke saya a hannun masu tallar magani suna sha kullum kamar gyaɗa: suna hawar da jini, suna kuma cin ƙoda.

Kirana ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa shi ne su daina ba masu kwalabe fili a ƙofar masallaci da fada. Wurin da aka ba su, a bai wa ma'aikacin jinya mai jin Hausa, ko sau ɗaya a wata, ya auna mutane ya yi musu bayani da harshensu. Muna da 'ya'ya da suka karanci aikin lafiya a garuruwan nan, a nemo su. Ku kuma 'ya'ya, kuɗin kwalbar wata mai zuwa ku sayo na'urar awon jini ta ɗaurawa a dantse. Baba ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada ya ci goro ko ya sha shayi rabin awa kafin nan, a auna sau biyu a rubuta a littafi da kwanan wata. Wani ya raka shi asibiti ya yi masa tafinta, a tafi da littafin, a kuma kwashi duk kwalaben da yake sha a leda a zube wa likita a tebur. In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko ɗura wani abu a baki, a nufi babban asibiti nan take, domin a wannan hali kowane minti yana da daraja.

Mu da ke zaune nesa da gida mun san nauyin ɗaukar mara lafiya a mota daga Ikko zuwa Sakkwato ko Kano, mun kuma san yadda gida ke watsewa in maigida ya kwanta shekara uku ba ya iya juya kansa. Ajali na Allah ne, amma an hore mana sababi, kuma ba daidai ba ne mu bar wani ya raba iyayenmu da shi saboda kamasho. Duk wanda ya karanta wannan, ya leƙa ɗakin tsohonsa yau ya ga abin da ke kan taga, ya tambaye shi yaushe rabonsa da shan ƙwayarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ja kwanan iyayenmu cikin ƙoshin lafiya, ya shiryi masu wannan sana'a su nemi wata.